Shuɗin Fenti a Wuyan Hajiya Babba

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Rabaran, Malam Liman, shugabanmu na masu dawakai Alhaji Lawal, Mama Saratu da 'ya'yanta, jama'a, ina gaishe ku da zaman haƙuri.

Ni ne Auwalu na bargar Hayin Banki. Na ga wasu sun fara murmushi, sun ɗauka zan ba da dariya yadda na saba. Ban iya jawabi ba, karatuna na allo ne, amma ni na roƙa a ba ni wannan tsayuwa saboda marigayi Baba Elisha, malamin dabbobinmu.

Ya kasance mai zuwa mana a kan tsohon babur ɗinsa, da kular ƙanƙara ɗaure a baya, allurar rigakafi a ciki. Ya kasance yana gaida doki kafin ya gaida mai shi. Ya kasance mai haƙuri da mu, musamman ni. Na taɓa kwashe masa ƙanƙara na zuba a zoɓo. Na taɓa ɗaure masa babur da wutsiyar jaki. Sai dai ya ce, "Kai Auwalu, ranar da za ka yi hankali, Kaduna za ta yi hutu."

Duk dokin da ya yi wa allura yakan shafa masa layin shuɗin fenti a wuya. Shekarar da murar dawakai ta shigo, ya bi bargunanmu daga Mando har Unguwar Kanawa. Ni kuwa na ji ana cewa allura tana rage wa doki gudu. Ina da goɗiya da nake kira Hajiya Babba don tsokanar matan layinmu. Sai na sayi fenti a Kawo na shafa mata da hannuna. Baba ya zo, ya ga shuɗi, ya wuce. Na ɓoye bayan buhunan dusa ina dariya.

Bayan sati uku Hajiya Babba ta fara tari, majina na zuba, jiki zafi, ko harawa ba ta taɓawa. Baba ya zo ya ware ta, ya yi kwana huɗu yana zarya. Ranar ƙarshe ya shafa wuyanta, ya dube ni ya ce, "Auwalu, ni bahago ne. Layina hagu yake kwanciya. Wannan dama ya kwanta." Ta mutu da la'asar.

Kun tuna abin da aka yi ta faɗa. Aka ce ga goɗiya da shuɗi a wuya ta mutu, ashe ruwa Baba Elisha yake ɗura wa dawakai. Alhaji Lawal, ka gafarce ni, tun ranar ka hana shi shiga bargarka. Wasu da yawa suka bi sahunka. Na sami Baba na ce zan faɗi gaskiya, ya ce, "Rufe bakinka. In ka faɗa, korarka za su yi, kai kuma ba ka da wata sana'a sai doki. Ni na tsufa, zan iya ɗauka." Na yi shiru, har da jin daɗi. Shekara shida ke nan. Kullum ina cewa gobe, har aka wayi gari aka ce Baba ya rasu.

Mama Saratu, mijinki bai taɓa cutar kowa ba. Allurarsa ba ta taɓa shiga jikin goɗiyata ba. Ni na shafa fentin. Ki yafe mini, Mama, in kin iya. Gloria, ke da kika gaji aikin babanki, ki ɗaga kanki a ko'ina.

'Yan'uwana masu dawakai, an ce tari ya sake ɓulla a wasu barguna, ga shi rabin dawakanmu ba su da rigakafi saboda ƙaryata. In za ku kore ni, ku kore ni, amma ku bari sai bayan Asabar. Ranar Gloria za ta zo da kular Baba. Dokina ne na farko, ni zan riƙe masa ragama. Alhaji, ka buɗe mata ƙofa.

Na gode da kuka bar ni na kai ƙarshe. Allah ya sanyaya zuciyar Mama, ya raya abin da Baba ya bari, ya kare dabbobinmu. Ni kuma ya shirye ni, ko Kaduna ta samu hutun da Baba ya yi mata alkawari. Amin.