Wa Zai Rufe Kabarin Misis Thurgood?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Dakta Abdurrahman. Malaminmu, Malam Ɗalha. Shugabar matan ƙungiya, Hajiya Zinatu, wadda ƙamshin miyarta ya sa wasu suka iso da wuri yau. Manyanmu na ofishin jakadanci. 'Yan uwanmu na gidan rediyo, waɗanda nake roƙo su ajiye na'urarsu tukuna. Likitoci, ɗalibai, da ma'aikata 'yan kwas irina. Iyayenmu mata da ke can baya suna fama da yara. Da duk wanda ya keto sanyi ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya iso Whitechapel da wannan yammaci, ina gaishe ku da kyakkyawar gaisuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a ƙasar da ba tamu ba, ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga waɗanda suka ga na miƙe amma ba su fita ba. Ga sababbin zuwa, sunana Maharazu, ma'aikacin hukumar ruwa ne ni, gwamnati ta turo ni kwas. Tsofaffin zama kuwa sun fi sanina da Maharazu mai keke, kuma na san ba don yabo suke faɗa ba.

Shugaba ya sanar cewa zan yi magana a kan amfanin hawan keke ga lafiyar jiki. Zan taɓo wannan kaɗan, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: nauyi na ɗauko wanda ya fi ƙarfina, na zo neman wanda zai kama mini. Na shirya maganata kashi uku, hanya, majami'u, da alkawari. Idan kun ga na cakuɗa su ku yi haƙuri, a cikin kaina ma haka suke.

Na farko, hanya. Likita ne ya dubi tumbina ya ce in nemi keke. Na ji kunya ƙwarai, domin kowa ya san yadda gida ya koma tun da man fetur ya yi daraja aka yi ƙarin albashi. Keken da malamin makaranta yake gogewa da tsumma yana taƙama da shi muna yara, yau ya zama na mai gadi. A cikin ɗakin nan, in ban da ni, da wuya a sami namijin da bai sayi mota ba, wasu tana ƙofar gidan hayarsu, wasu tana bakin ruwa tana jiran jiragen siminti su ba ta hanya a tashar Ikko. Amma farfesan da ke koya mini, dattijo mai furfura, wanda ya rubuta littattafan da muke haddacewa, a kan keke yake zuwa aiki, ya ɗaure ƙafar wandonsa. To wa ya ci gaba, wa ya ci baya? Shekarata biyu ina wannan tambaya ban sami amsa ba.

Da farko a kan titi nake hawa, har wata bas mai bene ta kusa mayar da ni gida a cikin akwati. Daga nan aka nuna mini wata siririyar hanya a gefen kogin Lea, wadda a da dawakai ke bi suna jan kwale-kwalen kaya. Babu mota, babu hon, babu hayaƙi, sai agwagi da tsofaffi masu kamun kifin da in sun kama sai su mayar cikin ruwa, abin da har yau ban gane ba. Idan ka bi ta arewa London za ta ƙare a bayanka, ka hau tsohon layin dogo da aka cire ƙarafansa, ka faɗa lungunan gonaki masu shingen ganye. Mu uku muke tafiya: ni, da Uwaisu ɗalibin likitan dabbobi, da Katung, malamin makaranta Kirista daga Kagoro. Ba mu taɓa fita ba mu ɓata ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, balle a ƙasar da za ka tarar da ƙauyuka uku suna ɗaya, wannan Babba, wannan Ƙarami, na ukun kuma ba a ce komai ba.

Na biyu, majami'u. A nan zan amsa wa masu cewa Maharazu ba ya fashin coci ranar Lahadi. Ban kama suna ba, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Gaskiyar maganar, hasumiyar majami'a ita ce alamarmu. In mun ɓata sai mu hango ta sama da bishiyoyi, mu nufe ta, mu san akwai gari a ƙarƙashinta. Gine-ginen dutse ne, wasu an ce sun haura shekara ɗari bakwai, kuma ƙofarsu a buɗe take, ba kwaɗo, ba mai gadi, ba kowa. Ranar farko Uwaisu ya tsaya yana ta sallama, shiru. Ni da shi a zauren ƙofa muke zama mu ci burodinmu, sallarmu kuwa a kan ciyawa muke yi bakin ruwa. Katung ne mai shiga, kuma kullum da girgiza kai yake fitowa. Wata rana ya ce mini, "Maharazu, mutanen nan suka tako har garinmu suka ce mu gina majami'a. Mun gina, ta cika har ana tsayuwa a taga. Na biyo su gidansu, na tarar ba kowa."

Ku duba fa. Mutanen da ba sa zuwa ibada, amma ba su yarda dutse ɗaya ya faɗo daga ɗakin ibadar ba. Mutanen da suka binne matattunsu a tsakiyar gari, wasu ma a ƙarƙashin daɓen da ake takawa, suna share musu ciyawa, suna kai musu furanni. Na ce a raina, lallai waɗannan sun san darajar mamaci, ranar jana'izarsu sai gari ya girgiza. Ashe gani ya kori ji.

Na uku, alkawari, kuma shi ne ya tsayar da ni a gabanku. A cikin zafin nan na bana da ya ƙone ciyawar Ingila, mun fita ranar wani hutu a tsakiyar mako, muka ɓata kamar yadda muka saba, muka nufi wata hasumiya. Muna shan kwana sai ga gawa. Akwati a kafaɗar mutum huɗu masu baƙaƙen kaya, fada, wato limamin majami'ar, a gaba, wata 'yar tsohuwa da sanda a baya. Shi ke nan jama'ar. Na waiga in ga ko sauran na tafe, ba kowa sai wani kare.

Jama'a, wane ne a cikinku zai wuce gawa a kan keke? Ba mu yi shawara ba, muka jingine kekuna muka bi baya. Uwaisu har ya kai kafaɗa zai karɓi ɗaya daga cikin masu ɗauka, kamar yadda ake karɓa-karɓa a gida, mutumin ya harare shi. Da aka sa akwatin a rami fada ya yi karatunsa, ba wanda ya amsa. Katung ya kasa daurewa, ya rera waƙar majami'arsu da Hausa shi kaɗai. Sannan muka bi mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya muna yi musu ta'aziyyar mahaifinsu. Suka dube mu, suka dubi juna, suka shiga motarsu suka tafi. Ashe ma'aikata ne, ba su ma san mamacin ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da ya biyo baya. Tsohuwar ta jefa 'yar ƙasa kaɗan, fada ya riƙe hannunta, suka juya za su tafi. Kabari a buɗe, mutum a ciki, ƙasa tsibi a gefe an lulluɓe ta da wani koren ƙyalle. Na tambayi fada wa zai rufe, ya ce akwai mai wannan aiki, zai zo in an jima, in ya gama da wani ƙauyen. In an jima! Mu da muka tashi muka ga ba a barin maƙabarta sai an rufe mutum an yayyafa ruwa, ƙafarmu ta ƙi ɗaguwa. Uwaisu ya zagaya bayan majami'a ya samo shebur biyu, muka cire riguna muka fara. Fada yana cewa ba sai mun yi ba, muna ce masa ba komai. Har yau ban sani ba ko mun karya wata doka ta hukumar garin.

Tsohuwar ta dawo ta tsaya. Tana kallonmu har muka gama, muka daidaita ƙasar da hannu. Sunanta Misis Thurgood, mamacin mijinta ne, ɗansu ɗaya yana Ostareliya, furanni ya aiko. Ta ja mu gidanta ta ba mu shayi. Muna shirin tashi ta dube ni ta ce, ta binne uwa, ta binne uba, ta binne 'yan uwa, ba ta taɓa ganin an rufe kabari a gabanta ba sai yau. Sannan ta ce, "In nawa ya zo, za ku yi mini?"

Na ce mata in Allah ya yarda. Ta tambayi ma'anarsa, Katung ya fassara, ta ce ai kuwa zai yarda. Magana zarar bunu ce. Ni dai na faɗa ne yadda kowannenmu zai faɗa wa tsohuwa mai hawaye, ita kuwa ta karɓa hannu biyu. Zuwanmu na gaba fada ya tare mu ya ce ta same shi, ta ce ranarta a gaya wa mai rufe kabari ya huta, yaranta za su zo a kan keke. Ya karɓi lambar wayar gidan da nake haya.

Na kai maganar wurin masana. Malam Ɗalha ya ce rai rai ne, kuma alkawari kaya ne, sai dai kada in shiga cikin ibadarsu. Wani malamin a Plumstead ya ce tun farko bai kamata in tsaya ba. Wani kuma ya ce tsayuwar daidai ce, alkawarin ne ganganci. Na je da tambaya ɗaya na dawo da uku. Abin da na sani kawai, duk wata muna zuwa, tana dafa mana dankali, ta daina sa mana naman da ta gane ba ma ci, muna ce mata Gwaggo tana amsawa.

To ga inda gizo ke saƙa. An ƙirƙiro sababbin jihohi a gida, kowace tana kiran 'ya'yanta. Uwaisu ya tafi. Katung ya tafi, yana kuka a filin jirgi yana ce mini in riƙe amana. Ni ma kira ya zo, na kama kujerar jirgi, watan gobe in Allah ya kai mu ina gida. Gwaggo kuwa tana nan da ranta, kuma Allah ya sani ba na yi mata fatan ta yi sauri don in sauke nauyi. In na tafi na karya alkawari, in na zauna na bar aikina da iyalina ina jiran mutuwar matar da nake so ta daɗe. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Saboda haka roƙona ga wannan taro ɗaya ne. Ina neman mutum biyu daga cikin waɗanda zamansu a ƙasar nan zai yi tsawo, likitoci ko 'yan gidan rediyo, su gaji wannan alkawari. Ba abu ne mai yawa ba: su leƙa ta lokaci-lokaci, domin zumunci a ƙafa yake, su bar wa fada lambar wayarsu, ranar da ya kira kuma su ɗauki shebur. Masu mota kada ku ce za ku bi ni a baya, hanyar mota ban san ta ba, Uwaisu ya taɓa gwadawa ya kwana yana zagaye. Ta bakin ruwa kaɗai na iya, kuma kekunan Uwaisu da Katung suna wurina a jingine. Ranar Lahadi da hantsi zan tsaya a bakin gadar kogin Lea, in jira.

Zuwana na ƙarshe ni kaɗai na je. Ta leƙa bayana ta tambayi sauran, na ce sun koma gida. Ta dubi hannuwana, sannan ta ce, "Mutum ɗaya zai daɗe yana yi. Amma ba komai, ranar ba sauri nake ba." Ta yi dariya, ni ma na yi. Ban iya gaya mata ɗayan da ya rage ma tafiya zai yi ba. Ranar Lahadi dole in gaya mata, kuma ba na so in faɗa ba tare da akwai wanda zan nuna mata a bayana ba.

Allah ya raya wannan ƙungiya, ya ƙara wa shugabanninta basira. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya shirya mana yaranmu da ke amsa mana da Turanci. Allah ya sa arzikin da ya sauko wa ƙasarmu ya zama alheri, ya mayar da mu gida lafiya, ya sa mu cika da imani. Kuma duk inda ajali ya riske mu, a gida ko a ƙasar wasu, Allah kada ya bar kabarinmu a buɗe ana jiran wanda bai san sunanmu ba.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.