Yashi Ya Binne Gonar Albasarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Daga Katanga nake rubutowa. A yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya.

Tun kakanni, idan gulbi ya cika, mazanmu sukan sare gaɓa su buɗe wa ruwa hanya cikin fadama, don ya kwantar da lakar da albasa ke so. Bana ma haka maigidana ya yi. Da ruwa ya janye, yashi muka tarar har gwiwa.

Wasu masu bincike sun zo suka kafa bututu a gonar, suka zaro shi cike da ƙasa. Na gani da idona: baƙar laka a can ƙasa, ta zamanin iyayenmu, samanta yashi zalla. Suka ce daga garuruwan tudu yake gangarowa, inda aka sare itatuwa, kuma sai an sake dasa itatuwa a can matsalar za ta gyaru.

Ɗana Basiru ya ce, "Inna, in zauna jiran itace ya girma a garin wasu? Kudu zan tafi."

Malam, shi kaɗai ne namiji gare ni. Don Allah masu saurare, me zan gaya mishi ya zauna? Ni na rasa.