Tsintar Kwanson Harsashi

A tasha, wani tela na jiran mota ta cika, yana yi wa dattijon da ke kusa da shi mita.

"Bariki za ni in ɗauko ɗana. Wai horo! A turnuƙe su da hayaƙi, ana harbi ta saman kansu, ga ihu, ko umarni ba sa ji."

"To a fagen yaƙi shiru za a yi masa?"

"Baba, kai me ka sani a kai?"

"Soja na yi, malam. Mu kam, lallaɓa mu aka yi. Mu jeru, a busa usur, mu harba, sannan kowa ya tsince kwanson harsashinsa. Ka bar ɗaya a ƙasa, ka sha gwale-gwale. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna, na gefena ya yi harbi uku, ya sunkuya yana tsinta. A dunƙule muka same su cikin hannun gawarsa."

"Allah ya jiƙansa. Ni dai nawa nake ji."

"Ni ma nawa ne. Ƙanena. Shi ya zo na ɗaya a horonmu."

Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya. Tela bai tashi ba.