Kurkunun Kurni

"Na ce wa Baturen asibitinmu ba zan rabu da su ba, Iya," in ji Baiwa, ma'aikaciyar asibiti, ga tsohuwar da ta tarar a tashar Matamaye.

"Da su wa?"

"Likitan dabbobi, malamin lakwal, wato makarantar boko, da wani mahaƙin rijiya. Tare muka gano daga tafki kurkunun ƙauyen Kurni yake fitowa. Bature ya ce in tsaya kan allurata."

Tsohuwa ta kama hannunta.

"Ashe ke kika sa mu tace ruwa da mayafi? Har zaginki na yi. Bana jikokina da ƙafafunsu suka yi noma. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ina zuwa da akwati?"

"Gida, Iya. Jiya suka karɓe rigar aikin."