Gida Mai Shuɗiyar Ƙofa

Ina zaune a rumfar tasha ina jiran mota, Allah Ya nufe ni da jin zancen wasu bayinSa biyu: wani magidanci da ɗaurin tabarmi a gabansa, da wani matashi mai malafa.

"Baba, ƙaura ake yi?"

"Ƙaura, samari. Tsohuwar unguwa za mu koma. Ɗana ya samu aiki a otal, ya kama mana haya."

"Ai unguwarmu ce. Ga ruwa, ga wuta, ga ciniki."

"An ce 'yan yawon buɗe ido ba sa yankewa."

"Daga safe har magariba. Amma ba su da fitina, hoto kawai suke ɗauka."

"Hoton me?"

"Komai. Gini, akuya, tsofaffi. Sun ma fi son tsofaffin."

Magidancin ya gyara zama. "Mahaifiyata na tare da ni, ido ya tafi. Kullum a bakin ƙofa take shan hantsi da carbinta, kuma tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Yanzu ko an ɗauka ba za ta sani ba."

"Sai a riƙa barin ta a ɗaki."

"In kulle uwata saboda baƙi? Wai wa ke kawo su ƙofar mutane?"

Matashin ya sosa ƙeya. "Mu ne, Baba. Abincina ke nan."

"To don girman Allah, in ka zo gida mai shuɗiyar ƙofa, daura da tsohuwar rijiya, ka wuce da su."

"Baba, ai ƙofar nan suke fara tambaya tun kafin su sauka daga mota."