Wa Ke Goge Allon?

A tashar Kalgo, shekarar da aka fara firamare kyauta, muna jiran motar Gwandu, wata tsohuwa ta dubi wani saurayi, hannun rigarsa duk alli.

"Malamin boko ne, ɗana? Na ga ranka a ɓace."

"Sufeto zai zo jibi, Inna. Kullum ina cika allo da rubutu, amma yaran ba sa riƙewa."

"Wa ke goge allon?"

"Ni mana, da an buga ƙararrawa."

"Shekara talatin ina karantar da mata a Gwandu, ba wadda ke wanke allonta sai na ji karatun ya zauna."

"Mu da lokaci muke aiki, Inna."

"To, jibi sai sufeton ya tambayi ƙararrawar."