Amarya Mai Ƙafa Huɗu

Ina jiran gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, a Adjamé, wani dattijo ya tare wani mutum riƙe da karya a igiya.

"Maigida, ƙamshin nan naka ne ko nata?"

"Nata ne, Baba. Treichville zan mayar da ita barbara. Jiya karen abokina ya shinshina ta, ya yi atishawa, ya shige ƙarƙashin mota."

"Me ka shafa mata?"

"Turaren shagona, kada fasinjoji su yi ƙorafi."

Dattijon ya fashe da dariya. "Kare da hanci yake neman aure, kai kuwa ka toshe masa! Kuma ka tsaya a kansu, ko?"

"Ni da maƙwabta. Ta tsufa, Baba. Ita ke gadin shagona a Bromakoté. In wannan karon ya wuce, na rasa irinta."

"To wanke ta da ruwa zalla. Kwance igiyar, ja musu ƙofa, ka tafi shan shayi. Sai sun yi wasa tukuna, kada ka gaggauta su."

"Ashe kana kiwon karnuka?"

"A'uzubillahi! Ni ko taɓa su ba na yi." Ya sake leƙa karyar. "Amma in ta haihu, ka ajiye mini namiji ɗaya."